Shekarar da Baba Ya Daina Jin Wasa

Baba malamin daji ne. Tun kafin Turawa su tafi har shekaru kaɗan bayan tafiyarsu, kullum sai ya hau kekensa daga Birnin Gwari ya shiga gandun daji, ya duba ko an sare maɗaci ba izini, ko an sa wuta inda bai kamata ba. Amma mutanen ƙauyuka ba don itatuwa suke nemansa ba. Yana jin Gwaranci, yana jin Fulatanci, kuma Allah ya ba shi kunne. In shanu suka shiga gonar wani a Saminaka aka taru ana cacar baki, Baba kan zauna gefe ya saurara, can sai ya ce, "Wannan ba dawarsa ke damunsa ba, haƙurin da ba a ba shi ba ne." Sai a sa makiyayin ya je ya ba da haƙuri, magana ta mutu.

Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kowa na iya cewa ba komai. Ki saurari yadda ya faɗa."

Ciwon ya same shi ne da kaka, shekarar da na fara koyarwa a firamaren garinmu. Yana alwalar azahar buta ta suɓuce masa, ya sulale ƙasa. Aka sa shi a gaban wata babbar mota da ta ɗauko doya, aka kai shi asibiti a Kaduna. Ya yi kusan wata guda ya dawo yana jan ƙafar hagu, hannun hagun ma ba ƙarfi. Amma bakinsa ras. Ya san kowa, ya san sunan kowace itaciya, karatunsa bai zube ba. Muka yi ta godiya ga Allah, domin mun san wani maƙwabcinmu da shanyewar jiki ta tafi da maganarsa ɗungurungum.

Inna ce ta fara lura. Wata rana ya nace sai ya je masallaci shi kaɗai ba sanda. Ya faɗi a bakin kwata, ya dawo riga duk taɓo, gwiwa na jini. Inna ta tsaya a kansa, muryarta na rawa don fushi da tsoro, ta ce, "Ai ka kyauta, Malam. Gobe ma ka sake."

Ya dube ta ya ce, "To, in Allah ya kai mu."

Washegari kuwa ya ajiye sandar ya nufi ƙofa. Da Inna ta tare shi, sai ya ce cikin mamaki, "Ba ke kika ce in sake ba?" Ta shiga ɗakin girki ta daɗe ba ta fito ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne zuwan Kawu. Kawu taubashin Baba ne, maƙeri a Kazage. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba. Kowa bawa yake kiran ɗan'uwansa, kowa ya ce wancan ne matsoraci, su yi ta yi har hawaye ya zubo musu don dariya. Ranar kasuwa ya zo, da kaza a hammata. Tun daga zaure muka ji shi.

"Ina bawan nan nawa? An ce ka kwanta don ka guje wa girbi. Malalaci, tashi ka kawo mini ruwa."

Ni da ke tsaye kusa na ji yadda muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya tsorata da ganin yadda Baba ya rame.

Baba ya ce, "Ni ba bawanka ba ne. Ciwo ya kwantar da ni, ba lalaci ba. In abin da ya kawo ka ke nan, ka koma."

Kawu ya fashe da dariya, yana zaton an rama. Da ya ga fuskar Baba ba ta motsa ba, dariyar ta tsaya. Ya ɗan jima a tsugune, ya miƙa mini kazar, ya fita. Ko ruwa bai sha ba.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, ni na raka shi. Na kwashe duk wannan na faɗa wa likita. Ya ce ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, kuma yakan faru mutum ya ji kalmomi sarai amma ya kasa jin abin da murya ta ɗauko, fushi ne ko wasa ko tausayi. Ya ce ba shi da maganin da zai ba mu, sai dai mu riƙa faɗa masa abin da muke nufi a fili.

A mota muna dawowa, ana ratsa dajin da ya sani kamar tsakar gidansa, na tambaye shi yadda yake jin maganarmu. Muka wuce wata gada. Sannan ya ce, "Kamar kowa takarda yake karanta mini." Shi ma tasa muryar ta zama haka, a miƙe, ba hawa ba sauka. In ya ce Uwata, sunan na nan, amma abin da nake ji a cikinsa da can babu.

Sau ɗaya ya sake yin zaman sulhu bayan ciwon. Wani manomi da wani makiyayi suka zo har gida saboda rigima kan burtali. Manomin ya ce, "Shi ke nan, na yafe," yana cije baki. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya sallame su. Ban iya sa baki ba, ni mace ce kuma yarinya a wajensu. Bayan kwana biyu muka ji an yi faɗa har an fasa wa wani kai. Daga nan duk wanda ya zo da ƙara, Baba kan ce, "Ku je wurin mai unguwa. Ni yanzu ba na ji." Mutane suka ɗauka kurumta yake nufi, suka riƙa ɗaga masa murya.

Inna ta fi kowa shan wahala, domin ita ba mai faɗin abin da ke ranta ba ce. Shekara talatin duk abin da ke tsakaninsu a cikin "sannu da zuwa" yake, da yadda take ajiye masa akushi. Yanzu dole ta koyi faɗa. Nakan ji ta daga ɗakina tana cewa, "Malam, fushi nake yi da kai, ba ka sha maganinka ba." Shi kuma ya ce, "To, ki yi haƙuri." Wata safiya da ya iya ɗaure maɓallin rigarsa da kansa, ta juya masa baya tana kwashe kwanuka ta ce, "Na ji daɗi." Ta ji kunyar faɗin haka sosai, in ji ta daga baya.

Kawu ya yi wata huɗu bai zo ba. Ni na hau keken Baba na je Kazage na same shi a maƙera, na gaya masa abin da likita ya ce. Bai daina bugun ƙarfe ba har na gama. Ranar kasuwa sai ga shi. Ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Ka saurara, yanzu wasa zan yi maka. Kai bawana ne."

Baba ya yi tunani, ya ce, "Kai ne dai bawan." Ba daɗi a muryar, ya kuma makara, amma Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Haka suka ci gaba duk mako, sai an yi sanarwa kafin a yi wasa.

Bayan shekara biyu aka mayar da ni wata makaranta a Zariya. Ranar tafiya na durƙusa gabansa na ce na zo sallama, muryata na rawa, shi kuwa yana ta lissafa mini garuruwan da mota za ta tsaya. Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Baba, ba na son tafiyar nan. Zan yi kewarka."

Ya ce, "Da ba ki faɗa ba, da na ɗauka murna kike." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina ya ce, "Ni ma ba na so. Allah ya kiyaye hanya."

Da damina ta biyu bayan nan ya rasu. Saƙon ya same ni ina cikin aji, kafin in iso gida an riga an kai shi.