Hayaƙin Kifina da Katangar Baffa

Ko zan manta komi a rayuwata, ba zan manta bazarar da na yi ina faɗi-tashi don a bar ni in riƙa kai ƙarfe goma na dare ina sai da abinci a ƙofar gidanmu a Bagudo ba. Yau in ka zo ka ga bencina cike da mutane, sai ka ɗauka haka abin ya faɗo daga sama. Wallahi saura ƙiris da yanzu ina ƙauyen Geza riƙe da kalme ina noma.

Bari in fara da kifin, don in ban fara da shi ba raina ba ya kwantawa. Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Ina bin wani ɗan uwanmu kai albasa tsallaken iyaka, can na ga matan Benin suna gasa kifi karfasa suna haɗawa da aceke, wato garin rogon nan da ake turarawa ya yi washar-washar. Sai in tsaya in ƙura musu ido har su kore ni. In na dawo gida in buɗe waya in yi ta kallon masu gashi, in sayo kifi bakin gulbi in gwada. Na ƙona kifin da ni kaina ban san iyakarsa ba. A hankali na gano sirrin: ka tsattsaga shi gefe da gefe, ka cusa citta da tafarnuwa da lemun tsami, ka bar shi ya sha, kuma kada ka kuskura ka ɗora shi sai garwashi ya yi farin toka a sama. In ka yi haka fatar za ta yi ƙaras-ƙaras, cikin kuma ya zauna da ruwansa. Ranar da na fara dacewa, tsaye na cinye shi ina dariya ni kaɗai.

Babanmu ya ba ni filin ƙofar gida, amma da sharaɗi. Ya ce in ruwan farko ya sauka sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba, in tattara in tafi Geza in kama wa ƙanensa noma. Na ce na ji. Na kafa rumfa, na jera benci, sannan na yi abin da na fi alfahari da shi: fitila. Da hannuna na haɗa ta, faifan sola da batir da ƙwai mai haske kamar rana, na ɗaure ta a kan dogon ƙarfe da ya zarce rufin gidanmu, don mai wucewa a bakin titi ya hango ya san akwai abinci a lungun.

To ga inda gizo ke saƙa. A unguwarmu tun ban san kaina ba, da an sallame sallar Isha'i duk mai sana'a a ƙofar gida yake tattarawa. Mai son ya kai dare sai ya tafi tasha. Ni kuwa masu cin kifina sai bayan Isha'i suke fitowa. 'Yan kasuwar da ke dawowa daga Dole Kaina da bakin iyaka, 'yan acaɓa, da mutanen kudu masu shaguna da ba su rufewa da wuri. Ina kashe wuta suna isowa. Ga zafi, ga ba firij, kifin da ya kwana kuma ya tashi daga aiki. Sau da yawa da safe sai in raba wa yaran unguwa, su suna murna ni ina haɗiye baƙin ciki.

Na wanke ƙafa na tafi wurin mai unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya ce shi ba ya hana yaro neman halak, amma dare na maƙwabta ne, in je in nemi yardarsu, musamman wanda katangarsa ke jingine da rumfata. Na bi gida gida. Oga mai kemis da ke tsallaken lungu, wani Ibo da ya fi ni iya zagi da Hausa, tun ban rufe baki ba ya ce ko asuba zan kai shi ya yarda, ya gaji da kwana da biredi a ciki. Sauran ma ba su ja ba. Saura mutum ɗaya, mai katangar.

Baffa muke ce masa. Bafulatani ne dogo, shanunsa na ruga bayan gari, yana noma, ba ya da yawan magana. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce hayaniya ta yi yawa.

Na ce in dai wannan ce an gama. A ranar na cire rediyo. Na roƙi 'yan acaɓa su riƙa kashe mashin tun daga kwana su turo shi da hannu, suna min tsiya wai na mai da su masu baro, amma sunka yi. Na koma wurin Baffa. Ya ce to, amma hayaƙi.

Nan ma ban karaya ba. Na samo tsohon duro da bututu, na kai wa mai walda na tsaya a kansa ina nuna masa abin da na gani a waya, munka yi mazurarar hayaƙi da ke kai shi sama. Na ɗauke murhun daga jikin katangarsa na mai da shi ɗaya gefen. Kai, ko sauro bai san ana gashi ba. Na sake komawa, ƙirjina a buɗe. Baffa ya ce, "Hayaƙin dai."

Na dawo na zauna ina ta lissafi. Sai zuciyata ta ce wataƙila ba hayaƙi ba ne, tsoron ɓata-gari yake yi, kada baƙin fuska su riƙa laɓewa a duhu kusa da gidansa. Don haka na ƙara ƙwai na biyu a kan ƙarfen, na karkata shi wajen katangarsa, don ya ga ina kula da tsaronsa. Washegari da na gaishe shi, da ƙyar ya amsa.

Abokaina sunka ce in rabu da shi, in kai maganar gaba wurin hakimi, ko in ci gaba da sana'ata in ga abin da zai yi. Babanmu ya ce ko da wasa, ba a gidansa za a kai maƙwabci ƙara ba. A lokacin har hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma, mutane na sharar gona. Kullum in na ɗaga kai na ga gajimare sai in tuna Geza. Amma na riga na rantse a raina, ko mi ne ne ke cikin zuciyar Baffa sai na tono shi.

Wadda ta tono min ita ce mahaifiyarsa, Inna. Tsohuwa ce mai tallan nono da man shanu, tun ina tsumma take wasan jika da ni, ita ta ce min angonta ni in ce mata amarya. Rannan da la'asar sakaliya ta sauke ƙwaryarta a bencina. Na miƙa mata kifi, ta ture.

"Riƙe abinka, rowatacce. Kai angona, mi kaka nema ga ɗana kullum kana sintiri?"

Na zayyana mata komi, rediyo, mashina, duro, har ƙwan da na ƙara. Da na zo kan ƙwan sai ta riƙe haɓa ta dube ni, ta ce lallai Allah ya haɗa ta da miji mai ƙoƙari marar wayo. Ta ce in an yi Magariba, Baffa na masallaci, in kunna fitilata yadda na saba in same ta a zauren gidansu.

Rabona da cikin gidan tun ban fara tasawa ba, kun san namiji in ya girma iyakarsa zaure. Ta leƙa ta yi wa matan magana da Fulatanci, sannan ta kamo hannuna ta ja ni har bakin tsakar gida.

Abin da na gani har yau yana idona. Tsakar gidan fayau, kamar an ɗauko rana an rataye. Haskena ya tsallake katanga ya zuba a kan komi, turmi, randa, igiyar shanya, har makewayin da ba ya da rufi, wanda ƙwai na biyu ya fi haskawa. Tabarmi na nannaɗe jingine da bango. Ba kowa a waje. Cikin wannan zafin da ko kare ba ya shiga ɗaki, matan da yaran duk suna cikin ɗakunan kwano, ina jin jariri na ta tsala kuka ana masa fifita.

Kowa ya sani a garinmu in bazara ta yi, a tsakar gida ake cin tuwon dare, a nan mata ke shan iska da ɗaurin ƙirji, a nan ake kwana. Mu ma haka muke a gidanmu, sai dai namu na bayan fitilar. Ashe tun da na kafa ƙarfen nan, mutanen gidan Baffa jira suke in kashe bayan Isha'i kafin su fito su yi wanka su shimfiɗa tabarma. Ni kuma na je ina roƙon ya ƙara musu zaman ɗaki har ƙarfe goma.

"Ka gani?" in ji Inna. "Ka rataya muna farin wata wanda ba ya faɗuwa."

Na ce, "To Inna, mi ya hana ya faɗa min tun farko?"

"Ya faɗi wanga da bakinai? Matar ɗanai na cikin gidan ga da ɗanyen goyo. Mutumin da ko sunanta bai kamawa, shi zai tsaya gaban yaro ya ce surukata ba ta samun wanka? Gara ya yi ta cewa hayaƙi har ya mutu."

Ta matse min hannu ta ce in na bari ya gane na shigo na gani, na ɓata komi, ba zai ƙara iya haɗa ido da ni ba.

Ina fita na kashe fitilar. Ranar nan da tocilar waya na ƙarasa ciniki. Da gari ya waye na sauke ƙarfen, na ji kamar haƙorina nake cirewa, don ita ce abin da nake nuna wa kowa. Na sayo ƙananan ƙwai na jera su ƙarƙashin rumfa, kowane na yi masa hula da gwangwanin madara don hasken ya dubi tebur kawai. Na sa aka kawo min zana mai kauri daga Zagga, na kafa ta a gefen rumfar da ke duban katangarsa. Da dare ya yi na jira hukuncin amaryata. Washegari ta zo tana ɗingishin ƙarya, wai duhu ƙirin har ta yi tuntuɓe da turmi, sai na biya ta ƙafarta da kan kifi.

Ba zan ɓoye ba, ciniki ya ja baya da farko, don masu wucewa a titi sun daina hango ni. Na bi 'yan acaɓa ɗaya ɗaya na ce su riƙa faɗa wa fasinja ina nan. Sauran aikin ƙamshi ya yi shi.

Baffa da kansa ya tsaya wata safiya ya tambaye ni ina ƙarfen. Na ce iskar damina ce ke tafe, ina tsoron ya faɗo wa wani. Ya dube ni, ya dubi zanar, ya ce gaskiya ne, iskar bana da alama za ta yi ƙarfi. Ya wuce.

Ranar Juma'a bayan La'asar mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, ya sake ta da maganar. Kowa ya faɗi nasa, anka zo kan Baffa. Na kasa kunne, don daren jiya har an yi yayyafi. Ya gyara sandarsa a kan gwiwa ya ce, "Hayaƙin ya ragu. A bar yaro ya nemi abincinai."

Oga mai kemis ya buɗe baki zai ce ai duron nan ya daɗe a wurin, na take masa ƙafa da ƙarfi har ya zage ni. Mai unguwa ya yanke ƙarfe goma, da sharaɗin a ci gaba da turo mashin daga kwana. Anka shafa fatiha. Da ruwan farko ya sauka sosai, ina tsaye ina jiran babanmu ya ambaci Geza. Abin da ya ce kawai, in kawo masa karfasa ɗaya in cika yaji.

Shekaru sun shuɗe, rumfar ta zama uku, amma har yau ba fitilata ko ɗaya da ta wuce tsayin kafaɗata, kuma ni da Baffa ba mu taɓa ta da zancen ba. Jaririn nan da na ji yana kuka, yanzu shi ake aikowa sayen aceke.

Abin da na koya shi ne, naci kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Na yi naci iya naci, amma duk a kan abin da anka faɗa min nake yi, alhali abin da ke ci wa mutum rai sau da yawa shi ne wanda kunya ba ta barin ya faɗa. In maƙwabcinka ya ƙi maka abu, kafin ka ce mugu ne, nemi hanyar da za ka ga sana'arka daga bayan katangarsa. In kuma ka gani ka gyara, to ka yi shiru, ka bar masa hayaƙinsa.