Keken da Malam Uwais Ya Ƙosar

A ƙauyukan Tsanyawa, in ana zancen kiwon shanu, sunan Malam Uwais ake fara kira. Mutum ne da ya tsani rowa kamar mutuwarsa. Dabbarsa ba ta kwana da yunwa, baƙonsa ba ya ganin gindin kwano. Da ciwon gwiwa ya raba shi da kiwo, sai surukinsa Abdulganiyu, mijin 'yarsa Rufaida, mai sayar da injinan ban-ruwa a Watari, ya kawo masa keken adaidaita mai lantarki ya riƙa kai mutane kasuwa.

Ya haɗo masa da wani akwatin caji mai wayo, wanda ke kunna kansa in gari ya yi barci, lokacin da kamfanin wutar ƙauyen ke sauke farashi, ya kuma kashe kansa kafin batir ya cika fal. Abdulganiyu ya yi bayanin a tsugune, murya ciki-ciki, Malam Uwais kuwa yana kallon darbejiya yana ta madalla. Surukai ne, ga shi Rufaida 'yar fari ce. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Kullum da safe sai ya tarar fitilar ƙarshe ta ma'aunin batir ba ta kama ba, kamar mudun da aka shafe wa baki. Abin ya tsaya masa a rai, har ya yanke cewa yaron ƙwauro yake yi wa keken. Tambaya kuwa, ina! Wa zai kira suruki yana tuhumarsa a kan kyauta? Sai ya samo dabara. Da ya dawo kasuwa da rana tsaka, batir na huci, sai ya kai shi gidan injin niƙa a jona masa wuta kai tsaye har ya ƙoshi. Lokacin sanyi har bargo yake lulluɓa masa. Yakan bugi ƙirji a majalisa cewa a gidansa ko ƙarfe ba ya kwana da yunwa.

Batir ya fara kumbura, tafiyarsa na raguwa. Malam ya gani, ya ci gaba da dabararsa.

Ranar sunan jikansa, ɗan Rufaida, ya kwaso matan gida da kayan gara suka nufi Watari. Ana hango rufin garin, keke ya mutu murus a tsakiyar gonakin tumatir. Ga rana, ga mata cikin kwalliya. Matarsa Asiya ce ta buga wa Abdulganiyu waya, shi kam ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Abdulganiyu ya bar baƙinsa ya zo cikin farar shadda. Ya ɗaga kujera ya ga batirin ya tashi kamar alkubus, bakin waya ya ƙone, ya gane komai. Sai ya tsuguna.

"Baba, laifina ne, ban yi bayani yadda ya kamata ba. Cika shi fal da zafi ne ke kashe shi, shi ya sa akwatin ke rage masa."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Wanda ya daɗe yana kira marowaci a ransa, ga shi ya naɗe riga zai tura, yana roƙonsa ya zauna ya huta da ƙafarsa. Kunya ta hana Malam Uwais zama. Ya ce Asiya ta riƙe kan keken, ya zagaya baya da gwiwarsa mai ciwo, ya kafa kafaɗa kusa da ta surukinsa. Suna cikin turawa ya buɗe baki, idonsa a ƙasa.

"Sake faɗa mini," ya ce. "Yanzu ina ji."