Ledar Kala a Gidan Mamman Direba

A ranin shekarar da aka fara sako ruwan dam zuwa fadamarmu a Goronyo, wata Juma'a bayan la'asar, na shimfiɗa tabarmi a zauren mahaifina kamar kullum, ba wanda ya zo ya zauna. Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce, mai doro, tana aiki da batirin mota. Aikina a jere yake: in dawo daga ban ruwan albasa, in share zaure, in goge gilashin da tsumma, sannan in juya eriya har hoto ya tsaya. Dattawan unguwa a nan suke kallon labaru, kuma wannan zama shi ne girman Baba. Ranar nan kowa ya tafi gidan Mamman, direban tifa a aikin dam, wai ya kawo mai kala daga Sakkwato.

Na bi sawu na leƙa. Abin da na gani bai cancanci sunan kala ba. Irin tamu ce sak, sai dai an manna mata leda mai launi uku a fuska: shuɗi a sama, ja a tsakiya, tsanwa a ƙasa. Mai karanta labaru ya fito da hula shuɗiya, fuska kamar an watsa masa manja, riga kamar ganyen masara. Da aka nuno raƙumi, shi ma haka. Manya masu furfura suna ta gyaɗa kai, Mamman kuwa ya harɗe yana cewa wanda bai ga wannan ba bai ga zamani ba. Da na kai wa Baba labari, bai ɗaga murya ba. Ya ce in kunna tamu, ya zauna shi kaɗai ya kalli labaru har ƙarshe. "Hoto na gari shi ne wanda fari ke fari, baƙi ke baƙi," in ji shi. Daga baya mai sayar da irin ledar ya biyo har gidanmu, Baba ya sallame shi daga tsaye.

Ana nan, ran da na sake leƙawa gidan Mamman, sai aka yi shirin manoma, aka nuno tulin albasa a ƙasa. A gilashin Mamman duk ta fito tsanwa shar. Malam Isa, aminin Baba, mutumin Taloka da ya tsufa cikin albasa, ya dubi Mamman ya ce, "Wagga mi ce, Mamman? Albasa ko gauta?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya motsa. Malam Isa kaɗai ya ɗauki takalminsa ya dawo zaurenmu. Sauran sun gane ƙarya ce, kuma suka zaɓe ta.

Yanzu idan na shiga shago a Wurno ko Rabah, yaran shago na lissafa mini sababbin talabijin, su filasma da led da oled, duk an ƙure musu launi har ciyawa na ƙyalli kamar fenti. Ni gwajina uku ne: na farko in dubi baƙi ko ya koma toka, na biyu in koma gefe in ga ko hoton ya dushe, na uku in jira fuskar mutum in ga ko launinta na gaske ne. Yawancinsu ledar Mamman ce aka mayar ciki. Zauren ya rushe tuni, amma har yau nakan tuna tabarmi a shimfiɗe, dattawa biyu a kai, suna kallon albasa mai ruwan toka da ba ta yi musu ƙarya ba.