Goyon Cikin da Babu Ciki

Ƙarfe huɗu na yamma ne, daga ni sai Inna sai wata nas da aka ɗauko daga Sabon Gari. Wata bakwai ban ga al'ada ba, ga ƙiba, shi ya sa aka maido ni gidanmu a Fagge goyon ciki. Har an jibge itacen wankan jego.

Nas ta danna marata, ta dubi gashin da ya tsiro mini a haɓa, ta ce wa Inna, "Mama, babu ciki. Ciwo ne mai riƙe jini."

Inna ta yi salati, ta sulale ƙasa.

Don Allah, in al'adar 'yarku ta ɗauke, ku kai ta asibiti kafin ku sanar da dangi.