Wasiƙar da Na Karanta wa Gwaggo

Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a lakkol ta Allakaye lokacin da Gwaggo ta zo mini da wasiƙar. Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a wani ƙauye bayan dutse, tafiyar hantsi guda a ƙafa. Ɗa namiji ɗaya gare ta, taubashina, ya girme ni da shekara uku. Kamar sauran mazan Adar, da an zuba gero a rumbu sai ya rataya jaka ya yi kudu. Mutanen ƙauyensu Ikko suke wucewa, shi kuwa a wani gari na ƙasar Yarbawa yake tsayawa shi kaɗai, yana gadin gidan wani mutum. Bai taɓa bari ruwan shuka ya riga shi gida ba. A wannan shekarar kowa ya dawo, ban da shi.

Ranar kasuwa ce, na taso daga aji da rana tsaka, maƙogwarona ya bushe da alli, na tarar da ita a ƙofar ɗakina tare da matar ɗan nata, da goyo a baya. Gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da takarda da aka ninke har ta yi laushi. Wani direba ne ya kawo ta Madawa, wani ɗan kasuwa ya kai ta Buza, daga nan ta bi hannu uku kafin ta iso.

"Ɗana, an kai ma liman, ya ce ba ajami ba ne. An kai ma tsohon soje, ya ce ba Faransanci ba ne. Sun ce kai kaɗai ka iya wannan."

Ingilishi ne. Shekara huɗu na yi ina koyon sa a kwalejin Madawa, kuma rabona da shi tun ranar jarrabawa. Maigidan da taubashina yake yi wa gadi ne ya rubuto, layi biyar da biro ja. Ya yi gaisuwa, ya ce a yi haƙuri, sannan ya rubuta: "Your son is late." A ƙasa ya ce kayansa suna hannunsa, a turo wani.

Kalmar ƙarshen nan na san ta sarai. Ita ce malaminmu yake jefa mana duk safiyar da muka shigo aji bayan an kaɗa ƙararrawa.

"Gwaggo, ya ce ɗanki ya makara. Ya yi latti."

"Latti?" Ta saki numfashi. Ta san kalmar, 'yan cin rani sun daɗe da kawo mana ita daga Najeriya. "To, in latti ne da sauƙi. Mi ya tsai da shi?"

"Bai faɗa ba. Wataƙila ya aike shi wani wuri, tunda kayansa suna gidan."

Matarsa ta yi murmushi ta gyara goyo, ta ce dama shi haka yake, ba ya iya ce wa mutum a'a. Suka sha ruwa suka tafi.

Bayan la'asar na zauna da takardar, don Gwaggo ta bar mini ita. Haƙurin da mutumin ya bayar ne ya tsaya mini a rai. Na ciro ƙamus ɗina na Ingilishi da Faransanci daga ƙasan akwati, gara ta ci bangonsa. Na tarar kalmar ta cinye kusan rabin shafi. Wanda ya zo bayan lokaci. Abin da ya faru a ƙarshen yini ko ƙarshen shekara. Abin da ya faru kwanan nan. Wanda ya riƙe muƙami a da ya sauka. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka rubuta: marigayi.

Na daɗe ina kallon wurin. Sai na duba misalin da suka bayar, na ga an sa kalmar gaban sunan mutum, kamar yadda muke cewa marigayi wane. A wasiƙar kuwa a ƙarshen jimla take, daidai yadda malaminmu yake faɗa mana. Na ce wa kaina nahawu ya raba gardama. Na rufe ƙamus na mai da shi akwati.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Da aka ba mu hutun damina ban tafi gida ba, na koma ƙauyen Gwaggo na kama noman gonar taubashina. Gona ce a gefen fako, tsakuwa ta fi ƙasa yawa, hauya tana buga dutse tana tsalle. Tafin hannuna da ya saba da alli ya yi ruwa ya fashe. Mutane suna ta yaba mini zumunci, ni kuwa sai in sunkuya in ci gaba da noma.

Duk bayan 'yan kwanaki Gwaggo takan same ni a inuwar kalgo in na zauna shan fura.

"Sake karanta mani takardar nan."

Sai in sake. Yau in ce ya makara, gobe in ce ya yi jinkiri, jibi in ce wani abu ya riƙe shi, ko bai samu tasowa da wuri ba. Duk kalmar da Hausa take da ita ta rashin zuwa a kan lokaci sai da na ba ta. Kowace ta ji, sai ta juya ta a baki kamar sabon labari ne ya zo. "Riƙe shi anka yi ke nan," in ji ta. "To, wanda anka riƙe ana sakin shi." Na gaji da noma, amma gajiyar karatun nan ta fi.

Da gero ya fara fitar da kai na kasa ci gaba da haka. Na ce ina da takardu a ofishin masu duba makarantu, na hau kamiyo zuwa Madawa. Akwai wani malamin Ingilishi ɗan Gana a kwalejin, shi na je nema. Mai gadi ya ce ya tafi ƙasarsu hutu. Na dawo tasha na zauna a rumfar wani dattijo mai sayar da goro, ina jiran mota. Hira ta kawo mu ga cewa ya yi shekaru da yawa a kudancin Najeriya. Bai iya karatun boko ba, amma yana jin Ingilishin kasuwa. Na ciro takardar na karanta masa layin da bakina.

Ya ajiye goron da ke hannunsa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane ne naka?"

Na ce masa ai makara ake nufi, na fara yi masa bayanin inda kalmar take zama a jimla. Ya bar ni na gama, sannan ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

"Mushe, ban san littafinku ba. Amma can haka suke faɗi. Ba su son su ce mutum ya mutu."

Kwana huɗu na yi bayan na dawo ban faɗa wa kowa ba. A na biyar na je wurin liman da ƙanen mijin Gwaggo, muka shiga gidan tare bayan sallar azahar. Liman ne ya yi magana. Gwaggo ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dube ni ta ce:

"Kai ka sani tun farko?"

"Na yi zato, Gwaggo."

"Da ka ba ni zaton, ni ma in riƙe."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Liman ya ce ba za a yanke hukunci a kan takarda da maganar mai goro ba, sai an samu wanda ya gani. Aka jira har aka yi girbi, wani maƙwabcinsu da zai yi kudu ya biya ta garin. Saƙonsa ya zo da jakar taubashina: riguna biyu, tocila, da turmin atamfa da ya saya wa matarsa. Zazzaɓi ne na kwana uku, tun kafin ruwan farko. Hausawan zango suka yi masa sutura. Da liman ya ƙirga watanni, ya ce kwanakin takaba sun riga sun wuce.

Matar ta same ni a bakin rijiya ranar da za ta koma gidan iyayenta a wajen Ibohaman. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mushe, na yi lalle a watannin nan. Na je biki biyu, har rawa na taka. Yana kwance cikin ƙasa ina rawa."

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Daga baya na ji ta yi aure can, yaron kuma da aka yaye shi aka dawo wa Gwaggo da shi, ita ta rene shi.

Na zaci bayan wannan ba wanda zai sake kawo mini takarda. Amma ba wani mai Ingilishi a yankin, sai suka ci gaba da zuwa, ranar kasuwa musamman. Nakan buɗe ƙamus a gabansu, in kalma tana da ma'ana biyar in faɗi duka biyar ɗin, mai daɗi da marar daɗi. Wasu suka ce Mushe ya cika tsoratar da mutane, wasiƙar gaisuwa ma sai ya sa maka faɗuwar gaba. Ban yi musu ba.

Shekara uku bayan haka aka yi mini canji zuwa wata makaranta a yankin Keita. Ranar da na isa, darektan ya zauna yana cike takardata, ya tambaye ni harsunan da nake ji. Na ce Hausa da Faransanci, da ɗan Buzanci na gaisuwa. Ya rubuta, ya nuna mini ajina.