Mai Kunne da Alƙaliya

Yayana bakanike ne, kuma shekara arba'in abu ɗaya yake yi: saita inji. Ba ya taɓa birki, ba ruwansa da taya, wayarin ɗin lantarki kuwa ni ya bar wa, wai aikin masu tsoron baƙin mai ne. Mota za ta shigo gareji tana tari, sai ya ɗauko dogon sukundirebansa mai ƙotar katako, ya ɗora bakin a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai satar jin gulma a bayan ƙofa. Can sai ya ce, "Fulogi na uku ne," ko "Mai ya yi mata yawa." Abin haushin, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Kunne, har matarsa.

Amma mu na gida mun san halin da ake ciki. In ya kunna rediyo, layin gaba ɗaya ya sha labarai. Sai ka kira shi sau uku kafin ya waiwayo, sannan ya ce kai ne ba ka buɗe baki. Wa ya isa ya ce wa Mai Kunne kunnensa ya fara tafiya?

Ana nan sai babbar 'yarsa, wadda muke kira Injiniya, ta gama karatu ta dawo gareji da na'urar auna ƙarfin inji. Wasu manyan gangunan ƙarfe ne biyu a cikin rami. A hau kansu da tayoyin mota, a ɗaure ta tamau, a taka totur, ta yi ta sheƙa gudu ba ta je ko'ina ba, kwamfuta kuma ta rubuta ƙarfinta doki nawa ne. Muka sa mata suna Alƙaliya, don in ta yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara.

Yaya ya ƙi jininta. Ko inuwarta ba ya bi.

Ran nan wani mai tasi, wanda ya shekara ashirin yana kawo masa mota, ya ce, "Mai Kunne, a ɗora ta kan Alƙaliya mana, kafin aiki da bayan aiki, mu ga abin da ka ƙara."

Yaya bai ji ba. Sai da mutumin ya maimaita da ƙarfi, sannan Yaya ya zaro makullin gareji ya dangwarar a kan benci. "A ɗora! In ba ta ƙara ko doki ɗaya ba, ga makulli nan, na bar sana'ar."

Injiniya ta ja ni gefe, idonta ya kawo ruwa. "Baffa, don Allah ka hana shi. Wallahi ba ya ji."

"Ni? Mutumin da har yau yake aike na sayen sabulu?"

Aka ɗaure tasi, ta yi kururuwarta, Alƙaliya ta ce doki saba'in da ɗaya. Yaya ya ɗaga bonet, ya juya wa jama'a baya, ya cusa kai ciki. Ni kaɗai ke gefensa ina miƙa sifana, don haka ni kaɗai na gani. Bai kai ƙotar sukundireban nan kunne ba. Bakinsa ya kai ta, ya cije, rawar injin na bi ta haƙoransa tana hawa kansa. Na dubi katakon da kyau, duk sawun haƙori ne, wasu har sun yi baƙi don tsufa. Ashe ya yi shekaru a haka, yana kara ta a kunne don idon mutane, in an kau da kai ya ciza. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ya murɗa kafireta mai haɗa mai da iska kaɗan, ya cije, ya taɓa tayimin ɗin wutar fulogi, ya sake cijewa. Ya rufe bonet, ya tafi wurin famfo yana wanke hannu, fuskarsa na kallon bango.

Tasi ta sake kururuwa. Saba'in da tara! Gareji ya kaure da ihu, mai tasi har da rawa. Yaya bai waiwayo ba. Yana ta cuɗa hannun da ya riga ya fita, kafaɗunsa a sandare, yana jiran hukuncin da an riga an yanke.

Injiniya ta yago takardar, ta zagaya ta gabansa ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Takwas kacal?" ya ce da ƙarfi. "Na'urarki ta cinye ɗaya, ni tara na ji."

Aka fashe da dariya. Da mutane suka watse, ya mayar da makulli aljihu, ya tayar da wata tsohuwar mota, ya goge ƙotar da gefen rigarsa, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ciza nan, uwata. Alƙaliyarki ta iya ƙirga, amma ba ta san inda ke ciwo ba. Maza ki koya tun haƙorana na nan."

Ta ciza, hawaye na bin kumatunta, shi kuma yana ta yi mata faɗa wai ba da haƙoran gaba ake cizo ba.