Sunana a Bakin Aku

Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata Bafulatana ce daga gidan da ba a wasa da kunya. Saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa na kusa da ita, "Kira mini wancan." In abinci ne ta ce, "A kai wa mutumin zaure." Ko zazzaɓi ya kwantar da ni ba ta zuwa ta dafa goshina, sai dai in ga kunun tsamiya ya iso daidai yadda nake so, ba a ce ga wadda ta dama ba. Ba ni kaɗai aka yi wa haka a Ƙofar Wambai ba, don haka ban ɗauke shi abin kuka ba. Amma ƙarya nake in na ce bai taɓa ci mini rai ba, musamman in na ji tana ƙwala wa ƙannena mata biyu kira, kowacce da sunanta, har da kirari.

Mahaifina farke ne, goro yake sarowa daga Kurmi. A wata tafiya ya zo mata da aku, mai launin toka da jar jela, ƙarami a lokacin. Da mahaifina ya rasu, ƙannena kuma aka kai su gidajen mazansu a wasu garuruwa, akun nan ne ya zama abokin hirarta. Kejinsa na rataye a rumfar ƙofar ɗakinta. Ni ina kwana a shagon da ke jikin zaure, ina aikin akawu a ofishin En'e, shigata cikin gida ba ta wuce ta gaisuwa. Duk sanda na yi sallama zan shigo, sai ta yi wuf ta jefa wani tsohon zane a kan kejin, tsuntsun ya yi tsit. Na ɗauka surutunsa ne ba ta so ya katse gaisuwa, ban taɓa tambaya ba.

Da damina ta rasu, bayan jinya ta kwana shida. Aka yi sadakar bakwai, mutane suka watse, gidan ya rage daga ni sai kaji da aku. Wata safiya na ɗauko kekena zan fita aiki, na juya baya ke nan sai na ji an kira sunana. Muryarta ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da 'yar dishewar nan da take yi in ta sassauta murya. Aka kira sunan, aka ɗan tsaya, sannan aka ce, "Allah ya tsare."

Keken ya faɗi, ni ma ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Shekarata ashirin da uku, ban yi kuka a maƙabarta ba, amma ranar na yi shi sosai a gaban tsuntsu.

Ban je ofis ba. Na nufi gidan Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, wadda ke tuyar masa a can ƙasan unguwarmu. Na same ta a bakin tanda, na gaya mata abin da na ji. Ba ta ko yi mamaki ba.

"Kai dai boko bai ƙara maka komai ba," in ji ta. "Kullum ka juya za ka fita, tana tsaye a bayan asabari tana bin ka da kallo. Sai ta ji ƙarar ƙofar zaure sannan ta faɗi sunanka. To ina za ta faɗa in ba nan ba? Shi kuma ɗan banzan tsuntsun ya kwashe. Ka zaci don me take rufe shi?"

Daga ranar rayuwata ta koma kan safiya. In na ɗauko keke na juya baya, sai ya kira. In ce, "Na'am, Inna." In dawo in ba shi gyaɗa ta tsakanin karan kejin, sannan in fita. Wani lokaci nakan yi kamar na manta wani abu, in koma ciki in sake juyowa, don kawai a sake kira. Ban gaya wa kowa wannan ba, don na san za a ce na taɓu.

Ana haka, ana ta maganar Turawa za su miƙa mulki, aka fara zaɓar matasan akawuna ana tura su Zariya su ƙaro ilmin aiki. Sunana ya fito. Wata tara za a yi. Abokan aiki na taya ni murna, ni kuwa abin da ya fara faɗo mini shi ne, wa zai riƙe mini aku? Ɗakin kwanan ɗalibai ba a shiga da tsuntsu. Lokacin kuma jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba, sai an sha jijjiga a bayan babbar mota zuwa Jos kafin a ga jirgi, kuma ban ga akun da zai kai da rai ba.

Ba yunwa nake ji masa tsoro ba. Na riga na lura da wani abu: tun rasuwarta ya koyi ƙarar ƙararrawar kekena, ya kuma daina yin kiran kajin da take yi. Sai na yi lissafi irin na akawu, na ce kan tsuntsu kamar ƙoƙo ne, in an zuba sabo tsoho ya zube. Ke nan duk gidan da zan kai shi, dole ya zama gidan da ba zai ji komai ba.

Yafendo ce ta fara cewa in kawo shi. Na dubi gidanta. Tun asuba ana daka, masu sayen masa na layi suna musu, jikoki na kuka, ita kanta in ta buɗe baki sai an ji a Ƙofar Ran. Na ce mata na gode, amma zan duba.

"Za ka duba me? Tsuntsun yayata ne. Ni na san abin da yake ci."

Na ce, "Yafendo, in na bar shi nan, zan dawo in tarar yana tallar masa."

Na faɗa ne da wasa, amma ba ta ɗauka da wasa ba. Ta juya masarta ta ce, "To, kai shi inda ka ga dama, malamin tsuntsaye. Amma ka sani, abin da ke magana ba a ajiye shi kamar tukunya." Ban tsaya sauraro ba. A lokacin ina ganin duk wanda bai iya buga tafireta ba, ba shi da abin da zai koya mini.

Wani abokin aikina, Kirista daga ƙauyukan kudu da gari, shi ma ya ce matarsa za ta riƙe mini da hannu biyu, yaransa ma za su so. Mutumin kirki ne, amma na taɓa zuwa gidansa, yara biyar suna waƙa daga safe har yamma. Na ba shi haƙuri.

Sai na tuna da wani tsoho, aminin mahaifina, mai ɗinkin hula, da muke kira Baba. Gidansa na can jikin ganuwa, inda gidaje suka fara yin jefi-jefi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba, 'ya'yansa sun yi nisa. Yakan wuni a zaure da allura da zare, kuma in ka kirga kalmomin da yake faɗa a yini, ban da salla, ba za su cika tafin hannu ba. Na ce na samu.

Ana jibi zan tafi na ɗauki kejin da ƙullin gyaɗa da dawa na kai masa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai: ruwa sabo kullum, gyaɗa kaɗan da safe, gwaba in ta samu, kada a bar shi inda kyanwa za ta kai. Yana ta gyaɗa kai. Sannan na zo kan babbar maganar.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Kada a yi masa magana. A rataye shi can ciki, inda ba zai ji masu wucewa ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ko sallama?"

"Ko sallama, Baba."

"In ya yi magana fa?"

"A ƙyale shi kawai."

Ban gaya masa dalili ba. Kunyar da na gada ce ta hana ni, yaya zan dubi aminin mahaifina in ce masa uwata na kirana daga bakin tsuntsu? Baba ya ce, "To, ɗana. Amana ce, na karɓa." Da na juya zan fita, aku ya kira ni. Na amsa a hankali yadda Baba ba zai ji ba, na wuce.

Zariya ba ta yi mini laifin komai ba, amma ban ji daɗinta ba. Kowace safiya wani Bature yakan kira sunayenmu daga takarda, ya kama nawa ya murɗe shi har sai na yi shakkar ko ni ake nufi. In amsa, raina na can jikin ganuwar Bauchi. Na yi kewar duwatsun da ke kewaye da gari, na yi kewar masa da miyar taushe, amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke damuna shi ne in ɗauki littattafaina in juya baya zan fita daga ɗaki, sai in ji ƙafata ta tsaya da kanta a bakin ƙofa tana jira. Shekara ashirin da uku na yi ba a kira ni ba kuma na rayu, amma wata shida da aka yi ana kirana sun lalata ni. Sau biyu na rubuta wa Yafendo takarda ina tambaya. Amsa ɗaya ta aiko, gajera: tsuntsu na nan da rai, tsoho na ba shi abinci, sauran kuma ni na sani.

Na dawo ƙarshen damina, saura 'yan kwanaki a yi bikin samun mulkin kai. An share tituna, 'yan makaranta na ta gwajin maci a fili. Daga tasha ban biya gida ba, da akwatina a ka na nufi gidan Baba.

Ya riƙe amana fiye da yadda na roƙa. Ya sake wa kejin sababbin kara, ya ɗinka masa 'yar rufa saboda sanyin damina. Aku ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi. Na tsaya gabansa, ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Na juya baya na yi taku uku kamar zan fita. Shiru. Na dawo na sake. Na sake har sau biyar, Baba na tsaye yana kallona. A na ƙarshe tsuntsun ya yi gyaran murya irin ta tsofaffi, ya ci gaba da fisgar gashin ƙirjinsa.

Na ce, "Baba, ba ya magana ne?"

"Ya daina."

"Tun yaushe?"

Ya zauna a kan buzunsa, ya ɗauki hular da yake ɗinki, amma bai sa allura ba. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Da ka tafi, kullum da safe sai ya kira ka. Da muryar marigayiya. Na gane ta, ai na san ta tun tana amarya. In na juya zan fita masallaci ya kira, in na dawo na ba shi gyaɗa na juya ya kira. Wata biyu yana yi. Daga baya sai ya koma yi a hankali, kamar mai tambaya. Wata rana, wallahi, har na buɗe baki zan ce na'am, don abin ya ishe ni tausayi. Sai na tuna ka ce a ƙyale shi. Na ce yaron nan ya yi karatu, ya san abin da ya sa ya faɗa. Ban amsa ba. Da azumi ya wuce ban sake jin ya kira ba."

Na so in yi fushi, na rasa da wa zan yi. Tsohon nan bai ƙara ba, bai rage ba. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya ce, "Amin," yana kallon ƙasa.

Gara in faɗa tun yanzu, bai sake kira ba. Ya rayu shekaru da yawa a hannuna, daga baya bakinsa ya buɗe, ya koyi kukan 'ya'yana da tsakin matata da muryar mai karanta labarai a rediyo. Yafendo ta sha zuwa ta tsaya gabansa ta gwada, da yake muryarsu ta yi kusa, bai ko kula ta ba. Ba ta taɓa ce mini ai ta gaya mini ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Amma ranar ban san haka ba tukuna, ina ganin tuni kawai yake bukata. Na bar akwatina a zauren Baba, na rungumi kejin na kama hanyar gida. Na matse murya, na sassauta ta, na nemo dishewar nan iyakar iyawata, na sa baki a jikin kara na kira. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallona, wani ma ya yi mini barka da zuwa ban amsa masa ba. Tun daga ganuwa har ƙofar gidanmu, ni nake kiran sunana, ni nake cewa na'am.